Mage da naman layya: wasa take yi ko sata?

Uwargidan Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Shawara nake nema kan magen gidanmu. Ranar Sallah bayan an feɗe rago, an yanyanka nama an rataya a igiya ƙarƙashin rumfa don ya sha iska kafin a yi suya. Sai ga ta ta hau katanga, ta miƙo hannu tana kai wa naman mari, yana lilo tana bin sa da kai, ta ja baya ta laɓe ta sake dirar masa. Yara har da faɗuwa don dariya. Da farko ko ci ba ta yi ba, sai da wani yanki ya faɗo ta sure shi ta shige ƙarƙashin gado. Washegari kuma muka tarar ta ture murfin roba ta janye hantar da aka ajiye wa surukata. Yanzu maigida ya rantse gobe za a sa ta a buhu a kai ta hanyar Kalgo a sake ta a daji. Yara sun ƙi cin abinci. Ni ma raina bai so ba, tun idonta bai gama buɗewa ba muka raine ta, amma na rasa abin da zan ce masa.

Ɗan Yauri:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki bai yi laifi ba. Kowa ya san abin da rago ya kai bana, wani sai da ya haɗa da bashi. Magen da ta koyi buɗe murfi ba ta dainawa. A kai ta kawai.

Amaryar Kalgo:
Haba Yaya, a kawo mana ita nan kuma? Wallahi duk bayan Sallah sai mun ga baƙin maguna suna yawo bakin titi, ramammu, suna bin mutane da kuka. Magen gida ba ta san daji ba. Wadda mota ba ta take ba, karnuka ne ke gamawa da ita.

Goggon Gwandu:
'Yata, bari in tambaye ki abu guda. Da aka yanka ragon, an cire wa mussar kasonta? Mu da muka tashi gidan kakanninmu, ana feɗe rago tsohuwa za ta yanki ɗan huhu da 'yar tsoka ta jefa mata gefe, ta ce ita ma 'yar gida ce, ta ga Sallah. Ta yini tana shaƙar ƙamshin nama, kowa na tauna, ita an hana ta, mi kike so ta yi? Sannan nama ba a barin shi cikin roba a ƙasa. A tukunyar ƙarfe ake sa shi a aza dutse bisa murfi, ko a ɗora shi a ragaya tsakiyar ɗaki inda babu abin da za ta taka ta hau. Ragaya ba don ado aka yi ta ba. Yanzu kun bar ta, kun koma robobin da ko jariri zai buɗe.

Uwargidan Badariya:
Goggo, gaskiya ba a ba ta komai ba ranar. Hidima ta yi yawa, baƙi ta ko'ina.

Likitar Dabbobi:
Barkanku da Sallah. Maganar Goggo ta yi daidai da abin da muka karanta, sai dai abu biyu ne suka faru a gidan Hajiya kuma ya kamata a raba su. Abin da ta yi da naman igiya wasa ne zalla, wasan da ke cikin jininta na farauta. Idon mage an gina shi ne don kama motsi. Abin da ke ajiye shiru tana iya wuce shi ba ta kula ba, amma da zarar ya motsa, musamman ya yi lilo ko ya yi kamar zai gudu, sai jikinta ya ɗauka. Shi ya sa za ku ga ta ƙoshi fal amma tana bin igiyar rago, tana kama bakin zanen mai shara, tana dirar wa tsintsiya. Tun suna da wajen mako 4 'yan kyanwa ke fara wannan kokawa da laɓe-laɓe, da shi suke koyon kamun ɓera. Magen da ba ta wasa kwata-kwata ita ce abin damuwa, sau da yawa rashin lafiya ne.

Ɗaukar hantar kuwa yunwa ce da ƙamshi. Mage ba kamar kare ba ce da zai rayu da tuwo da ƙanzo. Jikinta na bukatar wani sinadari da ake kira taurin wanda a nama ake samunsa, in ta daɗe ba ta samu ba idonta da zuciyarta ke lalacewa. Magen da duk shekara tuwo da miya ake zuba mata, ranar da gida ya cika da nama ba za ta iya riƙe kanta ba. Ku lura ma, ba ta taɓa muku cincin ko alkaki don zaƙinsu, harshenta ba ya jin ɗanɗanon sukari. In kun ga ta lashi dubulan, man da ke jiki take bi.

Telan Gesse:
Likita kin tuna min. Ni tawa ba ruwanta da nama, kayan mutane take so. Daren jajibiri muna kwana a shago, na goge shaddar wani bawan Allah na ninke na ajiye, kafin in juya ta haye kai ta naɗe ta yi barci, fara ce kuma shaddar ruwan toka mai duhu. Sai da na bi gashin ɗaya bayan ɗaya da salatif. Wani abin kuma, in keke na tafiya tana zaune tana kallon allura na hawa da sauka, kanta na bi. Ƙwaryar zare kuwa in ta faɗo, to ta zama tata, sai ta zagaye ƙafafun tebur da shi kaf. Yaran shago suna jin daɗinta ƙwarai, ita ke hana su gyangyaɗi.

Likitar Dabbobi:
Malam tela, ɗumin dutsen guga take bi a jikin shaddar, ka ajiye mata tsohon ƙyalle da ka ɗan goga a gefe ka ga ko ba za ta koma can ba. Amma zaren nan don Allah ka raba ta da shi. A harshen mage akwai 'yan ƙayoyi da suka kwanta suna kallon maƙogwaro, da su take taje gashinta. In zare ya shiga bakinta ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya. Wani lokaci bakin zaren ya naɗe a gindin harshe, sauran ya wuce hanji, hanjin ya yi ta tattarewa a jikinsa har ya yanke shi. In da allura a jiki abin ya fi muni. Duk wanda ya ga zare na leƙowa daga bakin magensa ko ta bayanta, kada ya ja, ya kai ta asibitin dabbobi. Wanda ke kusa da Sakkwato akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Ɗan Yauri:
To yanzu mage ce har da asibitin koyarwa? Mutane na fama da kuɗin maganin 'ya'yansu. Ni fa abin da nake gani, mun fara ɗaukar ɗabi'ar Turawa.

Malam na Jega:
Assalamu alaikum. Ɗan'uwa na Yauri, wannan ba daga Turawa muka gani ba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, 'yar kyanwar da yake ɗauka yana wasa da ita ce ta jawo masa wannan alkunya. Kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda mage da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Ina roƙon maigidan Hajiya ya dubi wannan da kyau. Dabbar da ka saba wa ci daga hannunka, ka ɗaure ta a buhu cikin zafin nan ka jefar inda ba ta san ruwa ba ba ta san mafaka ba, ina tsoron kada ya kusanci wancan. In har ba zai iya zama da ita ba, ya nemi gidan da ke so ya ba su, wannan babu laifi.

Kuma abin mamaki ne a ce ranar da muka zubar da jini don neman kusanci ga Allah, muka raba nama har ga wanda ba mu sani ba, a cikin kwanakin Sallar ne za a kori mai rai daga gida saboda hanta guda. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta.

Amaryar Kalgo:
Allah gafarta Malam, tambaya. Tawa ranar Sallah da safe ta sa baki a butar da maigida zai yi alwala, bakin butar a buɗe yake. Na zubar na sake wani. Da an bari ya halatta? Sannan naman da ta lasa fa?

Malam na Jega:
Ya halatta, 'yar'uwa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Ƙatada, an zuba masa ruwan alwala mage ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha, Kabsha matar ɗansa tana kallonsa da mamaki. Ya gaya mata Manzon Allah ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya ku a gida. Malamanmu sun ce sai dai in an ga najasa a bakinta ƙuru-ƙuru, kamar ta gama cin ɓera jini na nan. Naman kuma a yanke inda ta ci, a wanke saura a dafa.

Telan Gesse:
Malam, labarin nan da ake yawo da shi cewa Annabi ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi mage daga barci fa?

Malam na Jega:
Wannan bai inganta ba, kada a jingina masa. Abin da ya tabbata ya ishe mu. Amma in kana son abin da idonmu ya gani, ka tuna azumin 2023, limamin nan na Aljeriya, Walid Mehsas, yana jan tarawihi mage ta dira a ƙirjinsa ta haye kafaɗarsa tana shinshinar fuskarsa. Bai ture ta ba, bai yanke karatu ba, ya tallafe ta har ta sauka don kanta. Duniya kaf ta kalli wannan bidiyo.

'Yar Zuru:
Barkanku da Sallah 'yan uwa, mun ci nama mun gode wa maƙwabta. Ku naku na nama ne, mu namu sai Disamba. Ranar da aka kafa bishiyar Kirsimeti a falo, daga ranar magenmu ba ya barci. Ƙwallayen nan masu ƙyalli da ake ratayawa, sai ya zauna ƙasa ya zaɓi ɗaya, ya yi ta buga ta har ta faɗo, ya bi ta da gudu har ƙarƙashin kujera, ya dawo ya zaɓi wata. Bara cikin dare muka ji rugum, muka fito muka tarar da bishiyar a kwance, shi kuma yana leƙowa daga cikin rassan, fitilu na walƙiya a kansa. Babanmu da ya fi kowa faɗa shi ya fara dariya. Kwalin da aka ciro kayan adon kuwa, nan ne ɗakinsa har sabuwar shekara. Abin da muka koya, a ɗaure bishiyar da igiya a jikin ƙusa a bango, masu fashewa a kai su can sama, na roba a ƙasa, a kuma cire wutar daga soket in za a kwanta don yana tauna waya.

Wani abu da nake so in ja hankali, lokacin namu hunturu ne. Sanyi na sa su shiga murhu su kwanta cikin toka mai ɗumi, ko su shige cikin injin mota. Kafin a hura wuta da asuba a leƙa, kafin a tayar da mota a bubbuga bonet.

Likitar Dabbobi:
Na gode 'yar'uwa. Igiyoyin ƙyalƙyalin nan sirara da ake naɗa wa bishiyar haɗarinsu ɗaya da zaren tela. Kwali kuma duk mage na son sa, wuri matsattse mai ɗumi ne da take ganin kowa ba a ganinta. Ko a Sallah, gidan da baƙi suka cika, ga yara da bindigogin wasa, ga harbin bindigar gargajiya in ana hawa, a ajiye mata kwali a ɗakin da ba a shiga. Kunnenta na jin sautin da ya haura 60,000 a ma'aunin da namu ke tsayawa wajen 20,000, abin da muke ji ƙara ita azaba ce gare ta. Yawancin magunan da ke ɓata lokacin biki tsoro ne ya kore su.

Tunda ana maganar kason mage, bari in faɗi yadda za a ba ta, don kada garin kyautatawa a cutar. A yanki tsoka a tafasa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi. Naman suya da aka tafasa da albasa da tafarnuwa bai dace da ita ba, domin su biyun suna fasa ƙwayoyin jininta, bayan 'yan kwanaki a ga ta yi laushi dasashinta ya yi fari. Kilishi da tsire ma haka, ga yaji. Hanta kaɗan ba laifi, amma a yi ta ba ta kullum yana jawo mata ciwon ƙashi saboda yawan bitamin A. Kada a ba ta dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke ta. Babban abin da nake roƙo: in ta ci kitse cikinta ya ɓaci, kada wanda ya ba ta farasitamol. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Bakaben Argungu:
Ni abin da ke ba ni mamaki, mutanen da ke cewa mage ɓarauniya ce ba su zauna da masunta ba. Ku zo bakin Matan Fada ku ga inda ake gyaran kifi. Za ka ga maguna sun jeru nesa kaɗan sun naɗe wutsiya suna jira, don sun san kayan ciki da kai nasu ne. Wadda aka saba ba ta ba ta hawa kan banda. Lokacin bikin kamun kifi, wanda tun 1934 ake yinsa, garin ke cika da baƙi kamar Sallah, kuma maguna sun fi kowa sanin an shiga biki. Tamu in an kawo tarwaɗa mai rai an sa a baho, sai ta zauna a baki tana tsoma hannu, kifin ya motsa ta yi tsalle baya ta karkaɗe hannun, ta sake dawowa. Tana iya yin awa a haka. Ba ta taɓa cire ko ɗaya ba.

Manomin Suru:
Ɗan Yauri na lissafin kuɗin hanta, ni bari in yi masa lissafin shinkafa. Duk wanda ya taɓa tara buhunan shanshera a ɗaki ya san aikin ɓera: ya huda buhu, ya ci, ya yi fitsari a sauran. Shekarar da magenmu ta mutu sai da na canza buhuna kusan duka. Ga zazzaɓin Lassa da ake ta gargaɗi a rediyo duk rani, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Ban ce mage kaɗai ta isa ba, dole a rufe abinci a toshe ramuka, amma ko warinta kawai na rage su. Wadda ta yi maka gadi wata 12, da Sallah ta ɗauki hanta, ai ba ta ci ko rabin ladanta ba. Kuma masu zuba shinkafar ɓera su sani, magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya.

Uwargidan Badariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na miƙa wa maigida wayar ya karanta da kansa, ya daɗe a kan maganar Malam. Bai ce komai ba, amma ya aiki yaro ya mayar da buhun ɗakin ajiya. Surukata ma da ta ji ta ce a bar mata 'yar jikarta, ta yafe hantar. Goggo, gobe zan sa a nemo min ragaya a kasuwa.

Ɗan Yauri:
To madalla, tunda mai hanta ta yafe. Na ji maganar Malam kuma na karɓa, buhu ba daidai ba ne. Amma ku ma masu maguna ku ji tamu. Ni ba mage gare ni ba, kaji da tantabaru nake kiwo. Muzurun unguwa ya cinye min 'yan tsaki ba sau ɗaya ba, ya hau ɗakin tantabaru ya kwashe 'yan shila, da dare kuma su taru kan kwano suna kururuwa har asuba. Ku kuna ganin wasa, ni asara nake gani. Wa zai biya ni?

Goggon Gwandu:
Ɗana, nan kam kana da gaskiya, kuma haƙƙin maƙwabci ba wasa ba ne. Amma ka lura, mai cin tsaki galibi muzurun da ba shi da gida ne, irin waɗanda aka zubar ɗin nan. Kowane buhu da aka kai bayan gari, wani mai kaji aka kai wa. Ka kife tsakinka da akurki ko kwando mai nauyi har su yi fiffike, ɗakin tantabaru kuma ka naɗa wa ginshiƙinsa langa-langa mai santsi, farcensa ba ya kamawa.

Likitar Dabbobi:
Ƙari a kan na Goggo, kururuwar daren nan ta neman barbara ce da faɗan muzurai. Mage na ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma tun tana wata 5 ko 6 take fara ɗauka. Shi ya sa unguwa ke cika. Ana yi wa muzuru fiɗiya a asibitin dabbobi, aiki ne ƙarami, bayansa yawo da faɗa da fitsarin bango duk suna raguwa, kamun ɓera kuma ba ya dainawa. Macen ma ana yi mata aikin tsayar da haihuwa. In an je a haɗa da allurar rigakafin ciwon haukan kare, don mage ma na kamuwa da shi.

Amaryar Kalgo:
Likita, jibi za mu Gusau gaisuwar Sallah, kwana uku za mu yi. In rufe ta a ɗaki da abinci ko in bar ta a tsakar gida?

Likitar Dabbobi:
Kada ki rufe ta a ɗaki, zafi zai yi mata yawa kuma dafaffen nama ba ya kwana uku bai lalace ba. Ki bar ta a tsakar gida inda akwai inuwa da wurin fakewa in an yi ruwa, ki ajiye ruwan sha a mazubi biyu masu nauyi da ba za ta kifar ba, ki bar wa maƙwabciyarki makulli ta riƙa leƙowa safe da yamma tana zuba mata abinci. Ki kwashe maganin sauro da na ƙwari daga inda za ta kai.

Amaryar Kalgo:
To shi ke nan, zan yi wa maƙwabciyata magana yau da daddare. Na gode Likita.